Me ya sa lokacin wasannin Turai yake yi mana yawo?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Ina da ɗan gidan kallon ƙwallo a nan Garwa, benci 12 da talabijin biyu. Tun farkon kaka nake rubuta wasannin Ingila na Asabar ƙarfe 3 a allo, kuma daidai suke zuwa. Sai wata Asabar a watan Nuwamba na rubuta 3, mutane suka cika, na tada janareta, ba a take wasa ba sai ƙarfe 4. Har wani ya ce da gangan na yi don in sayar da ruwan sanyi. Ban da wannan, wasan da na gani a jadawali ranar Asabar sai in wayi gari an mayar da shi Lahadi ko Litinin da dare. Kuma yayana da ke zaune a Ingila ya ce mini akwai wasan da muke kallo a nan, shi can babu tashar da ke nuna masa. Na ɗauka zolaya ce. Wai wa ke tsara lokutan nan ne?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Yayanka ba zolayarka yake yi ba, kai ma ba ka cuci kowa ba. Agogon Turawa ne ya matsa, naka yana nan inda ka bar shi.

Mu a Kamaru da Cadi da Najeriya da Nijar agogonmu ɗaya ne, kuma ba a taɓa shi rani da damina. Su kuwa sau biyu a shekara suke murɗa nasu. Lahadin ƙarshe ta watan Maris su tura shi gaba da awa ɗaya, Lahadin ƙarshe ta Oktoba su dawo da shi. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, ƙarfe 3 a Landan ita ce ƙarfe 3 a Garwa, shi ya sa allonka ya yi ta faɗawa daidai a Agusta da Satumba. Da suka murɗa agogo, 3 ɗinsu ta zama 4 ɗinmu. Na Faransa da Sifaniya da Jamus da Italiya kuma akasin haka ne: lokacin sanyi muna tare da su, lokacin zafinsu suna gabanmu da awa ɗaya. Don haka babban wasan Gasar Zakarun Turai, wanda ake takewa ƙarfe 9 na dare a agogonsu, za ka kalle shi ƙarfe 8 a Satumba da Afrilu, ƙarfe 9 a Disamba da Fabrairu. Yadda nake riƙe abin a kaina shi ne, kullum ɗaya daga cikin Landan da Paris tana tare da mu, idan wannan ta zo waccan ta tafi.

Ka kuma yi hattara da hotunan jadawali da ake turawa a WhatsApp. Wani agogon Ingila ya bi, wani na Gabashin Afirka. Idan ka ga an rubuta GMT a gefen lokaci, ƙara awa ɗaya, ko wane wata ne.

Wannan shi ne mai sauƙin. Inda gizo ke saƙa shi ne sauya rana.

Jadawalin Firimiya da ake fitarwa a watan Yuni ba alƙawarin rana da awa ba ne. Abin da yake faɗa maka kawai shi ne wa zai karɓi baƙuncin wa, a wane ƙarshen mako. Rana da awa haja ce, kuma an riga an sayar da ita. A cinikin da ya fara aiki daga kakar 2025/26, na shekara 4, gidajen talabijin na Birtaniya sun biya fam biliyan 6.7. A cikin wasanni 380 na kaka, Sky Sports ta sayi aƙalla 215, TNT Sports ta sayi 52. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai yarda a buga masa manyan wasanni a lokaci ɗaya suna cin kasuwar juna ba. Sai aka yanka ƙarshen mako gida-gida, a agogon Ingila: Asabar 12:30 na rana da 5:30 na yamma, Lahadi ƙarfe 2 da 4:30, wani lokaci Juma'a ko Litinin ƙarfe 8 na dare. Kamfanonin su zauna su tsinci wasan da suke so a kowane gida, sannan a sanar, galibi 'yan makonni kafin ranar. Abin da ba su tsinta ba shi ke zama a Asabar ƙarfe 3. Shi ya sa da wuya ka ga Arsenal da Liverpool, ko wasan hamayyar Manchester, a wannan lokaci.

Akwai kuma abubuwan da ke ɗaure wa masu zaɓen hannu. Ƙungiyar da ta buga gasar Europa ranar Alhamis da dare ba za ta fito Asabar ba, sai Lahadi ko Litinin. Da zarar ka ga ƙungiyar da jama'arka ke so tana wasan Alhamis a bana, ka san kusan duk makon da ta yi shi wasanta na Firimiya ya bar Asabar, ba sai an faɗa maka ba. 'Yan sanda ma suna da ta cewa, kuma tun wajen haɗa jadawali ake kiyaye kada Liverpool da Everton, ko Manchester United da City, su karɓi baƙi rana ɗaya a gari ɗaya. Masu horarwa dai sai ƙorafi. Jürgen Klopp, lokacin yana horar da Liverpool, ya sha yin faɗa a kan wasan 12:30 na Asabar bayan 'yan wasansa sun buga a tsakiyar mako, amma gidan yana nan har yau, don akwai wanda ya saye shi.

Mu ba a yi lissafi da mu ba, ka duba ka gani. Babban wasan Lahadi na 4:30 a lokacin sanyi ƙarfe 5:30 yake farawa a nan, magariba ta faɗo cikin rabin farko. Kai da kanka ka san yadda benci ke yin fili a lokacin, a bar hula ko robar ruwa tana riƙe wa mutum wuri, a dawo ana tambayar wa ya ci.

Yanzu ga maganar yayanka, kuma ita ta fi ba ni sha'awa. A Ingila haramun ne a nuna wasan ƙwallo kai tsaye a talabijin ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma a lokacin kakar wasa. Tsarin ya samo asali tun shekarun 1960, kuma wanda aka fi danganta shi da shi shi ne Bob Lord, shugaban ƙungiyar Burnley na wancan zamani, mahauci ne ma da shagunan nama. Hujjarsa ita ce idan mutum zai zauna a ɗaki ya kalli manyan ƙungiyoyi, wa zai sha sanyi ya je ya sayi tikitin ƙaramar ƙungiyar garinsu? Ingila tana da ƙungiyoyi 92 a manyan rukunai huɗu, ban da ɗaruruwa da ke ƙasa da su, kuma ƙananan da kuɗin ƙofa suke rayuwa. Dokokin UEFA, hukumar ƙwallon Turai, a sashe na 48, sun ba kowace ƙasa damar toshe irin waɗannan awoyi, Ingila kuma ta riƙe nata da ƙarfi. An ɗage shi na ɗan lokaci a 2020 da korona ta rufe filaye, da jama'a suka dawo aka mayar da shi.

Haramcin a cikin ƙasarsu ya tsaya, bai shafi wanda ya sayi haƙƙin nunawa a Afirka ba. Ranar 11 ga Satumba 2021, da Cristiano Ronaldo ya buga wasansa na farko bayan komawa Manchester United, ya zura biyu a ragar Newcastle aka tashi 4-1, ƙarfe 3 na Asabar aka yi shi. Yaron da ya biya kuɗin benci a Garwa ya gani da idonsa, mutumin da gidansa ke kallon Old Trafford, filin da aka buga wasan, in bai da tikiti, sai dai rediyo. Har wasannin ƙetare haramcin ke kamawa. Wasan Barcelona da Real Madrid na 28 ga Oktoba 2023, wanda Jude Bellingham ya ci biyu, ba a nuna shi kai tsaye a Ingila ba, alhali ɗan ƙasarsu ne ya yi abin.

Mutane da yawa dariya suke wa wannan doka, ni kuwa ba na yi. Ka je filin wasa na Rumde Ajiya ranar da Coton Sport ta Garwa ke wasa da yamma, a daidai lokacin da ake Firimiya, ka ƙirga kujerun da babu kowa, sannan ka leƙa gidajen kallo na unguwa inda ake zufa a ƙarƙashin kwano ana musu a kan Chelsea. Coton Sport ɗin nan fa ita ce ta kai wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Afirka a 2008. Ba laifinka ba ne, sana'arka ce. Amma waɗanda suka ƙirƙiro hajar sun katange kasuwar gidansu daga gare ta, mu da muke saye ba mu katange komai ba.

Akwai ranakun da talabijin biyunka ba za su ishe ka ba, kuma nan ba kuɗi ne dalili ba. Ranar ƙarshe ta Firimiya wasanni 10 ake takewa lokaci ɗaya. A sabon tsarin Gasar Zakarun Turai mai ƙungiyoyi 36 abin ya fi haka: daren 29 ga Janairu 2025 wasanni 18 aka fara tare, ƙarfe 9 agogonmu. Don hana haɗin baki ne, kuma ƙasar Afirka ce ta biya kuɗin darasin. A Kofin Duniya na 1982 Aljeriya ta doke Jamus ta Yamma 2-1, ta kuma buga wasanta na ƙarshe a rukuni kwana ɗaya kafin Jamus da Ostiriya su haɗu a garin Gijón. Ƙasashen biyu sun shiga fili sun san idan Jamus ta ci da ƙwallo ɗaya ko biyu dukansu sun wuce. Jamus ta ci a minti na 10, daga nan aka yi ta tura ƙwallo gefe da baya har aka tashi, Aljeriya ta kama hanyar gida. Tun daga gasar 1986 wasannin ƙarshe na rukuni tare ake buga su. A irin wannan rana, tun da safe ka rubuta a allo wanne za ka sa a wace talabijin. Idan ka bari sai an zauna, mai babbar murya ne zai zaɓa maka.

Sifaniya ta fi kowa yayyanka lokaci, kusan kowane wasa da awarsa. A Disamba 2017 ma ƙarfe 1 na rana aka sa Real Madrid da Barcelona, don ya faɗa da dare a ƙasashen Asiya. A Jamus magoya baya ba su lamunta ba: da aka kawo wasan Litinin da dare, 'yan Eintracht Frankfurt suka yi ta jefa ƙwallayen tanis cikin fili a 2018, daga baya aka soke wasan Litinin ɗin gaba ɗaya. Mu ma mun ɗanɗana a gida. A Kofin Afirka na Janairu 2022 an raba wasanni ƙarfe 2 da 5 da 8 don kowanne ya samu nasa masu kallo. Garwa ta ga Najeriya da Masar ƙarfe 5, rana ta fara sanyi. Mali da Tunisiya kuwa a Limbe ƙarfe 2 aka sa su, rana ta take, har alƙalin wasa ya busa tashi a minti na 85, ya dawo ya sake busawa kafin 90 ta cika. Daga baya aka ce zafin rana ne ya buge shi.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba, amma ya shafi aljihunka. Haƙƙin nuna wasa yanki-yanki ake sayar da shi, kuma gasa-gasa. Canal+ ce ta saba riƙe ƙasashe masu Faransanci, SuperSport da sharhin Ingilishi, beIN Sports kuma ƙasashen Larabawa, har da Cadi a jerinta, ban da Kamaru. Tauraron ɗan'adam bai san kogin Logon ba, faranti a Kusiri da faranti a Njamena abu ɗaya suke kamawa, amma a takarda yankuna biyu ne. Kuma wanda ke da gasa bana ba lalle shi ke da ita baɗi ba: Kofin Duniya na 2022 New World TV ta Togo ce ta samu haƙƙinsa a ƙasashenmu masu Faransanci. Kafin ka biya kuɗin wata uku a farkon kaka, ka tabbatar gasar da jama'arka ke zuwa dominta tana cikin kunshin. Ka kuma tambayi wakilin kamfanin ko rajistar dikodarka ta gida ce ko ta wurin sana'a, domin yawanci sharuɗɗan biyun daban ne, kuma mai karɓar kuɗin ƙofa da rajistar gida yana iya wayar gari an yanke masa.

Game da allo kuwa, kada ka rubuta na mako mai zuwa daga jadawalin Yuni. Jira zuwa Alhamis, ka duba a wayar da agogonta ke kan lokacin Kamaru, sannan ka ɗauki alli. A saman allon, da fenti ba da alli ba, rubuta Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Wanda ya ce don ruwan sanyi ka tara su, ka nuna masa wurin.