Me ya sa mota ɗaya ke tsayar da gari da safe?

Tambaya: Malam, hanyata ta zuwa aiki minti 25 ce da rana tsaka. Da safe kuwa, yau minti 40, gobe awa ɗaya da rabi, wai don wata mota ta mutu a gaba. Ina lissafin yake? Kuma me zai hana a faɗaɗa titin a huta?

Amsa: Hannu ɗaya na babban titi, wato faɗin mota ɗaya, yana ɗaukar motoci kusan 2,000 a awa. Mu ce da safe 1,900 ke shigowa, sai wata ta yi faci ta tare hanya minti 10. Kafin a tura ta gefe, sama da 300 sun jeru. Sararin da ya rage na kwashe su 100 ne kacal a awa, wato sai an yi awa uku kafin layin ya watse. Da rana, lokacin da 1,000 ke wucewa, minti 10 ya isa a manta da facin.

Ni a ganina, babbar asarar ma tun daga gida take farawa. Cunkoson da ka saba da shi, ka san yadda za ka shirya masa. Wanda ba ka san ranar zuwansa ba shi ke sa ka yi sammako da rabin awa kullum, har ranakun da hanya take fayau. Mai dakon kaya ma haka yake yi, sannan ya zuba kuɗin a farashi.

Batun faɗaɗawa kuwa, tun 1962 masanin tattalin arziki Anthony Downs ya nuna matsalar: da titi ya buɗe, masu bin lungu da masu hawa bas da masu fita da asuba sai su dawo kansa, ya sake cika.

Tushen abin shi ne, kowane direba mansa da lokacinsa yake lissafawa, ba ruwansa da daƙiƙun da ya ƙara wa na bayansa. Shi ya sa William Vickrey, wanda ya ci kyautar Nobel a 1996, ya ce a sa wa titi kuɗi a lokacin cunkoso. Singafo ta fara a 1975, Landan a 2003 da fam 5. A Stockholm, babban birnin Suwidin, gwajin 2006 ya rage motocin da ke shiga tsakiyar birni da kusan kashi 20 cikin ɗari, mutanen birnin suka jefa ƙuri'a suka amince. Sai dai duk biranen nan uku suna da motocin bas wadatattu da wanda ya ajiye motarsa zai hau.