Shin in biya kuɗin kwas ɗin gina shafukan intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama bautar ƙasa, na ɗan tara kuɗi daga alawus. Na ga tallar wani kwas na wata shida ta intanet, irin wanda ake kira bootcamp, wai za a koya mini gina shafukan intanet har in sami aikin da ake biya da dala. Ban taɓa rubuta ko layi ɗaya na kod ba, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna, ko da na wata biyu ne.

Abin da za su fara koya maka uku ne: HTML, wanda shi ne ginshiƙin shafi, CSS, mai yi masa fenti da ado, sai JavaScript, mai sa maɓalli ya yi aiki in an danna. Duk ukun suna nan kyauta a freeCodeCamp, wanda Quincy Larson ya kafa a 2014, da kuma The Odin Project, dukansu shafukan koyon kod ne. Ware awa biyu kullum ka bi ɗaya daga cikin shafukan biyu. Ba don tsimi kawai na ce haka ba, so nake ka gwada zuciyarka. Akwai daren da shafinka zai ƙi fitowa, ka yi ta lalube har ƙarfe ɗaya, ashe alamar baka guda, irin { ko (, ka buɗe ba ka rufe ba. Wani in ya gano sai ya ji kamar an yi masa albishir, wani kuwa ya rufe kwamfuta ke nan har abada. Gara ka san wanne ne kai kafin kuɗi su fita.

To me ake saya a kwas na kuɗi? Tsari, da abokan karatu, da wanda zai zauna ya karanta kod ɗinka ya ce nan ka yi kwaɓa. Na ƙarshen nan shi ne mai tsada, kuma shi ake yawan yi wa ƙwange. Saboda haka ka tambaye su: wa zai duba aikina, sau nawa a mako? Darasin kai tsaye ne ko bidiyon da aka naɗa? In kai tsaye ne, ƙarfe nawa? Malamin da ke Kalifoniya in ya shiga aji da ƙarfe 4 na yamma, kai a nan dare ya raba. Ka kuma nemi su haɗa ka da ɗalibai biyu da suka gama, ka leƙa ayyukansu a GitHub, shafin da masu kod ke ajiye ayyukansu. In suka fara kame-kame, ka gane. Wasu sukan ce kada ka biya yanzu, sai ka sami aiki su riƙa yankar wani kaso na albashinka. Wannan takarda ka kai wa lauya ya karanta kafin ka sa hannu.

Batun dala kuwa, a yi hattara. Irin waɗannan kwasa-kwasan sun bunƙasa ne a Amurka tun wajen 2012, lokacin da kamfanoni ke neman masu kod ruwa a jallo. Daga ƙarshen 2022 manya irin su Meta (mai Facebook) da Amazon suka sallami dubban ma'aikata, ga kuma manhajoji irin su ChatGPT suna rubuta ƙananan kod cikin ƙiftawar ido. Sabon hannu yanzu yana shan wuya kafin a ɗauke shi. Kuɗinka na farko ya fi yiwuwa su fito daga wata makaranta a unguwarku ko mai shagon atamfa a Kantin Kwari da ke son kayansa su hau intanet.

Ka duba shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, horonsa kyauta ne. In kuma ba ka da laftof, nan ya kamata kuɗin su fara zuwa, don waya ba za ta kai ka ko'ina ba. Nemi mai RAM (ma'adanar aikin kwamfuta) 8GB, ko da ta hannu ce, amma ka tsaya kan batir mai riƙe caji, saboda ka san halin wutarmu.