Ka Ce Mu 'Yan Dako Ne

Jiya da muka tura jirgin saman Legas muka koma inuwa ka yi mini tambaya, ban ba ka amsa ba saboda rana ta yi zafi kuma wani jirgin na tafe. Ka ce, "Oga, wata huɗu ke nan ina sa waigi a tayar jirgi ina tsintar shara, ba a bar ni na taɓa motar tura jirgi ba. Wai shin aikin nan ba dako ba ne kawai aka sa masa riga mai ƙyalli? Tun yaushe ya zama sana'ar da sai an yi kwas?" To zauna, yau akwai lokaci.

Dako ne, ban musa maka ba. Da dako ya fara. A watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka nan Kano a filin wasan dawakai, su ne jiragen farko da suka taɓa ƙasar Najeriya. Ba matakala, ba tanka, ba janareto. A wancan zamani da garwa ake zuba wa jirgi mai, ana tacewa da fata don kada ruwa ko ƙura su bi, ƙananan jirage kuma da hannu ake murza musu farfela su tashi. Da kamfanin Imperial Airways ya fara zuwa daga Khartum a 1936, jirginsa bai fi ɗaukar mutum goma ba, yawancin lodinsa ma wasiƙu ne. Amma ka lura da abu ɗaya: tun a lokacin ana ɗora kaya a sikeli, har fasinjan kansa sai ya hau an rubuta nauyinsa. Ka ga ke nan tun ran farko dakon nan da lissafi ya zo.

Lokacin yaƙin duniya na biyu filin nan ya ga aiki. Ana kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu, su ratsa Sudan har Alƙahira. Kowane zango sai an ba su mai an duba su. Bayan yaƙi KLM da sauran kamfanonin Turai suka mai da Kano wurin yada zango, domin jirgi mai farfela ba ya iya zarcewa daga Turai har Afirka ta Kudu bai sha mai ba. Akwai tsofaffin hotuna da za ka ga mutum a kan raƙumi yana busa kakaki idan jirgi ya doso. In ka bi salsala shi ma abokin aikinmu ne, sai dai mu rediyo aka ba mu.

Abin da ya juya aikin gaba ɗaya girman jirgi ne. DC-3 mutum ashirin da wani abu yake ɗauka, ƙofarsa kusa da ƙasa, mutum uku sun gama masa lodi kafin shayi ya huce. Sai jirage masu injin jet suka shigo a ƙarshen shekarun 1950, sai Boeing 747 ya fara jigila a 1970 da mutum sama da ɗari uku a ciki. Wa zai jefa jakar mutum ɗari uku ɗaya bayan ɗaya a ƙofar da ta fi kan mutum nisa? Dole aka ƙera kwantenar da aka yanke mata kusurwa don ta bi siffar cikin jirgi, irin wadda muke kira LD3, wadda cike take kaiwa kusan kilo 1,600. Aka ƙera motar ɗaga ta, da bel mai hawa da jakunkuna, da janareton da ke ba jirgi wuta mai zagaye 400 a daƙiƙa, ba 50 irin ta gida ba. Jirgin kuma ba ya ja da baya da kansa, shi ya sa aka yi motar da ranka ya biya ɗin nan.

Da farko kowane kamfanin jirgi shi ke riƙe da mutanensa da injinansa a duk filin da yake sauka. Da kayan aikin suka yi tsada aka ga asara ce ka sayi motar miliyoyi don jirgin da ke zuwa sau biyu a mako. Daga nan kamfanonin da ba su da jirgi ko ɗaya suka fito, aikinsu hidimar jirgin wasu. A nan gida an kafa NAHCO a 1979, shekarar da aka buɗe sabon ginin filin Murtala Muhammed a Legas, gwamnati na da kashi 60, Air France da British Airways da Lufthansa da Sabena suka raba kashi 40. SAHCO kuwa daga cikin Nigeria Airways aka ɓalle shi, uwar ta mutu a 2003, ɗan ya rayu har aka sayar wa 'yan kasuwa a 2009. Turai ma a 1996 suka yi dokar buɗe aikin ga masu gasa. Ni ra'ayina, gasar ta kawo sabbin injina da horo, amma ta kawo agogo a wuyan kowa. Jirgi ba ya kawo kuɗi sai yana sama, don haka kowa so yake ka sallame shi cikin minti arba'in, wani ma ashirin da biyar. Gaggawar nan ita ce babbar abokiyar gabarmu.

Yanzu bari mu zo kan kwas ɗin da kake ƙorafi. A ranar 3 ga Maris 1974 wani DC-10 na kamfanin jiragen Turkiyya ya tashi daga Paris, ƙofar kayansa ta baya ta ɓalle a sama, ya faɗi a daji, mutum 346 suka mutu. Babban laifin na ƙirar makullin ƙofar ne, ana iya danna hannunta ta yi kamar ta kulle alhali ba ta kama ba. Amma akwai wata 'yar taga da aka yi don a leƙa a tabbatar, ma'aikacin da ya rufe ƙofar ba wanda ya taɓa gaya masa amfaninta, gargaɗin da ke jikin ƙofar kuma da Turanci da Turkanci aka rubuta, shi kuwa ba ya karanta ko ɗaya. Bawan Allah ya yi abin da aka nuna masa. Abin da ba a nuna masa ba shi ne matsalar. A 2013 kuma a Bagram ta Afganistan, wani 747 na kaya yana tashi motocin sojan da ke cikinsa suka tsinke ɗauri suka gangara baya, hanci ya ɗaga, ya faɗo, mutum bakwai duk suka tafi.

Shi ya sa takardar lodi ba shawara ba ce. Idan ta ce jaka sittin a rumbun gaba, arba'in a na baya, ba ka da ikon cewa ai baya ta fi kusa da bel. Jirgi kamar sikelin mai awo yake, a kan fukafukansa yake daidaita, kuma da lambobin takardar nan kyaftin yake saita wutsiya kafin ya tashi. Ko a ƙasa ma, ka ga muna fara sauke na baya, mu fara loda na gaba, don kada jirgi ya zauna kan wutsiyarsa. Kuma in watan Afrilu ya zo rana ta take, iska ta yi sakayau, za ka ga an ce a rage kaya. Fasinja zai zage ka, ka haƙura. Lokacin dawowar alhazai za ka gane abin da nake faɗa, sa'ad da jakunkuna ke zuwa a cike tim, kowa na ganin tasa ce ta fi muhimmanci.

Sharar da kake tsinta kuwa, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Concorde da ya faɗi a Paris a watan Yuli na 2000, wani sillen ƙarfe ne da bai kai kamu ɗaya ba ya faɗo daga jirgin da ya riga shi tashi, ya fasa masa taya, mutum 113 suka rasu. Wancan a kan titin tashi ne, ba inda muke tsayawa ba, amma injin jet bai san bambanci ba. Kusa, kwaɗon jaka, marfin kwalba, duk zuƙewa yake.

Ni ma na yi irin zumuɗinka. Shekarata ta biyu, da dare cikin hazo, na matso da matakala ba tare da wanda zai yi mini jagora ba, na ji ta ɗan taɓa jikin jirgi, ƙas. Na haska fitila na ga 'yar lotsawa kamar ta babban yatsa a gefen ƙofa. Ba wanda ya gani. Na tsaya zuciyata na dukan uku-uku, ina lissafin albashina da aurena da ke tafe. Daga ƙarshe na je na gaya wa maigidana. Injiniya ya zo ya auna, jirgin ya makara da sa'a biyu, aka ba ni takardar gargaɗi. Maigidan bai ce mini uffan ba sai washegari, ya ce in ci gaba da tuƙa matakalar. A lokacin jikin jirgi na alminiyam ne, in ka buge shi sai ya nuna. Na yanzu irin su Boeing 787 da Airbus A350 yawancin jikinsu da zaren kabon aka yi, kana iya buga shi waje ya kasance sumul amma ciki ya dare. Injiniya ba zai gani da ido ba sai wanda ya buga ya faɗa.

To wannan nake dubawa a wata huɗun nan, ba ƙarfin damtsenka ba. Na ga kana jira jar fitilar da ke ƙiftawa a jikin jirgi, alamar injinsa na aiki, ta mutu kafin ka matsa da waigi, na ji daɗi. Amma ranar Talata na gan ka ka ratsa ta ƙarƙashin fiffike don ka rage hanya, kuma ka bar abin toshe kunnenka a aljihu. Gyara waɗannan biyun. Wata mai zuwa zan sa sunanka a kwas ɗin tuƙi, za ka fara da taraktar jan kurayen kaya. Motar tura jirgi sai ka yi shekara, kuma ranar farko ina zaune a gefenka. Tashi ka ɗauko waigi, ga na Abuja can ya sauko.