Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan ɗan ƙanwarta

'Yar'uwa, Allah ya kawo muku mafita. Kin ce ƙanwarki ta haihu ba aure, saurayin ya amsa cikin a gaban iyayensa har ya kawo ragon suna, yanzu ya janye hannu, danginsa kuma suna cewa da an yaye yaron za su ɗauke shi. Na daɗe ina zaman sulhu a unguwarmu kan irin wannan, ga abin da na gani.

Kada ku miƙa yaron. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, ko auren sunna aka yi aka rabu, uwa ce ke riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a ɗakin miji. In uwar ta sake aure, kakar wajen uwa ce ke karɓa, ba dangin uba ba. Balle wannan yaro da mafi yawan malamai suka jingina nasabarsa ga uwa. Ba zai yiwu a ce ba ɗansu ba ne ranar kuɗin madara, sannan ya zama nasu ranar yaye.

Amma don Allah kada zafin rai ya kai ku kotun shari'a ba lauya. A Malikiyya, ciki ga macen da ba ta da miji hujjar zina ce a kanta. Ki tuna Amina Lawal a jihar Katsina: a 2002 aka yanke mata hukuncin jifa, mutumin da ta ambata ya rantse aka sallame shi, ita kuwa sai a 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke ta. Ku fara zuwa wajen lauyoyin Legal Aid, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa hali a shari'a, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, kyauta suke sauraro. Su za su faɗa muku kotun da ta dace. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ba kotu ikon umartar gwajin DNA idan uba ya yi musu, sai dai kowace jiha da irin tata dokar. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki kuma ya hana a tauye wa mutum haƙƙi saboda yadda aka haife shi.

Ni dai abin da na ga ya fi aiki shi ne takarda. Tun bakin saurayin bai juya ba, a zauna da shi da mahaifinsa, da mai unguwa, da liman, a rubuta: nawa zai bayar duk wata, wa zai biya asibiti da makaranta, yaushe zai zo ganin yaron kuma a gidan wa. Kowa ya sa hannu. Kuɗin ya riƙa shiga ta banki, ba ta hannun yaron aike ba. Na ga wani ya rantse wata shida yana aikowa, uwar ta buɗe wayarta ta nuna saƙon banki biyu kacal, zauren ya yi tsit. Saƙonnin muryar saurayin na WhatsApp ma kada ƙanwarki ta goge ko ɗaya.

Ku karɓo wa yaron takardar haihuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya tun yanzu, za a neme ta ranar sa shi makaranta. Sannan ki ja kunnen mutanen gidanku su daina yi wa ƙanwarki gori. Yawancin waɗanda na ga sun miƙa 'ya'yansu suna kuka, ba dangin uba ne suka fi ƙarfinsu ba, zaman gidan iyayensu ne ya gagare su.