Amsar da ban ƙarasa ba a ƙofar gida

Baffa, ranar da muke zaune a dakalin ƙofar gida a Gwale ka tambaye ni, wai mu Hausawan Niyu Yok, in mutum ya kwanta ciwo ba shi da inshora, ko takardunsa na zama a ƙasar suka cakuɗe, wa ke kama masa? Aka kira magariba ban ƙarasa ba.

Da farko dai mu ne. A Buronks, yankin birnin da muka fi yawa, mu da 'yan Nijar da 'yan zangon Gana, ana adashi, ana karo-karo in an yi rasuwa. Amma karo-karo ba ya duba marar lafiya. Nan jami'a take shigowa.

Ɗaliban kwalejin likitanci ta Albert Einstein suna da asibitin kyauta da suke buɗewa ranar Asabar tun 1999, don manya marasa inshora, malamansu likitoci na tsaye a kansu. Na taɓa raka wani dattijo direban tasi, ina yi masa tafinta. Ɗalibar ta auna jininsa, ta ga ya hau, sai ta jawo kujera ta zauna tana tambayar abin da yake ci. Sai da na yi mata bayanin tuwo da miyar kuka, da yawan dunƙulen da ake zubawa, da goron da ba ya rabo da aljihunsa. Duk ta rubuta. Dattijon ya fito yana ta sa mata albarka.

Maganar takardu kuwa, jami'ar birnin, CUNY, tana ba da lauyoyi kyauta tun 1997.

Sai dai mutanenmu ba sa zuwa don sun ga sanarwa a bango. Baƙo yana tsoron ofis. Sai liman ya faɗa bayan Juma'a, ko wani ya je ya dawo lafiya, sannan a ɗunguma. Iyayenmu mata kuma likita mace suke so, don haka tun wajen karɓar lokaci muke roƙa. Ni ban ɗauki abin sadaka ba, don a jikinmu ɗalibin yake koyon aikinsa.

Shi ya sa na matsa wa ɗanka da ke karatun likita a Bayero, mai zuwa Asibitin Malam kullum. Na ce ya samo abokansa da malami ɗaya, su riƙa duba marasa lafiya kyauta, Asabar guda a wata, a zauren mai unguwa. Kai ne za ka yi wa mai unguwa magana, Baffa. Na'urar awon jini biyu na nan tafe a kayan mai zuwa bayan Sallah.