Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Rediyo Ke Kama Tasha a Cikin Ɗaki, Haske Kuwa Ba Ya Ratsa Bango?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim a Jihar Jigawa. Ɗana da ke karatun kimiyya a sakandare ya ce mini hasken rana da abin da rediyona ke kamawa duk abu ɗaya ne. Na kasa gamsuwa, domin rediyo tana kama tasha a cikin ɗakina na ƙasa ko da ƙofa da taga suna rufe, amma hasken tocila ba ya ƙetare bangon.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yaron naka ya faɗi gaskiya, kuma hujjar bango da ka kawo ba ta rushe maganarsa ba.

Haske da saƙon rediyo duka igiyoyi ne na lantarki da maganaɗisu, wato ƙarfin lantarki da na maganaɗisu da ke kaɗawa tare, kowanne yana haifar da ɗan'uwansa suna yin gaba. Idan ka jefa dutse a kududdufi za ka ga ruwa yana tashi yana sauka, zobe bayan zobe. Haka waɗannan igiyoyi suke bazuwa, sai dai su ba sa buƙatar ruwa ko iska, shi ya sa hasken rana ke ratso tazarar kilomita miliyan 150 ta sararin da babu iska, ya iso gonarka cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu. A shekarar 1865 masanin lissafi James Clerk Maxwell na Birtaniya ya nuna cewa irin waɗannan igiyoyi suna gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma da ya ga wannan ya yi daidai da gudun haske da aka riga aka auna, sai ya yanke hukuncin cewa haske ma ɗaya ne daga cikinsu. A 1887 Heinrich Hertz na Jamus ya samar da igiyoyin rediyo a ɗakin gwajinsa, ya tabbatar da lissafin.

Inda suka bambanta shi ne tsawon zango, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya da tudun da ke biye da shi. Duk wanda ya saba sauraron Sashen Hausa na BBC ko Muryar Amurka ya sha jin ana ambaton mita 19 ko mita 25 a gajeren zango, kuma wannan mitar ita ce ainihin tsawon igiyar. Ta tashar FM ba ta wuce kimanin mita 3 ba, ta haske kuwa ko kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba ta kai ba, ja ya fi tsawo, shuɗi ya fi shi gajarta.

Ƙwayoyin da suka haɗu suka yi bangon ƙasa suna shanye igiyar haske, suna kuma mayar da wani kaso nata baya, wanda da shi ne kake ganin bangon. Igiyar rediyo, saboda tsawonta da jinkirin kaɗawarta, kaɗan busasshiyar ƙasa ke shanyewa, saura ya wuce. Amma kada a ɗauka tsawo kaɗai ke sa ratsawa, domin igiyar da ake ɗaukar hoton ƙashi da ita a asibiti ta fi ta haske gajarta nesa ba kusa ba, ga shi tana ratsa tsoka, ƙashi ya tare yawancinta. Gilashi yana barin haske ya wuce, ƙarfe kuwa yana mayar da haske da rediyo baya, kuma wannan ne dalilin da sabis ɗin waya kan yi rauni a shagon da aka kewaye da kwano.

Akwai gwajin da za ka iya yi da damina daga cikin ɗakinka. Idan hadari ya taso da dare, ka murɗa rediyo zuwa matsakaicin zango, inda babu tasha, ka lura. Duk lokacin da walƙiya ta haska za ka ji ƙarar tartsatsi a rediyon nan take, saboda walƙiya tana fitar da haske da igiyar rediyo a tare, kuma gudunsu ɗaya. Tsawa kuwa sauti ce da iska ke ɗaukowa da gudun kimanin mita 340 a daƙiƙa, saboda haka za ta iso a makare, kusan daƙiƙa 3 a kan kowace kilomita da ke tsakaninka da wurin da aka yi walƙiyar.