Bututun Ruwan Sha a Cikin Lambatu

Ka tambaye ni jiya ko akwai laifi idan ka bi da bututun ruwan sha ta cikin lambatu, tunda mai gidan da ya kira ka ya ce haƙa ta yi masa tsada, kuma kai a ganinka bututun roba ba ya tsatsa. Ban ba ka amsa a gaban mutane ba, domin da na buɗe baki a lokacin, da ban faɗi mai daɗi ba. Shekara uku ke nan kana riƙe mini sifana, yaro, amma har yanzu kana tsammanin tsatsa ce kaɗai ke ɓata ruwa.

A ƙananan garuruwa irin namu hukumar ruwa ba ta sako ruwa dare da rana. A ba wannan unguwa yau, a ba waccan jibi. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi a cikin bututu, ko da ya tsage, waje yake fesowa. Amma da zarar an ɗauke, ragowar ruwan da ke gangarawa unguwannin kwari sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da bututun ta duk inda gam bai kama ba, balle a layin da wasu suka ɗaura injin jan ruwa kai tsaye. Idan a lambatu bututun yake kwance, ruwan wanke-wanke da fitsari da bahayar yara zai zuƙo, ranar da aka dawo da ruwa kuma a tura su cikin randar mutane.

Ba a littafi na karanta wannan ba. Lokacin da ban daɗe da barin hannun maigidana ba, wani attajiri mai gidajen haya ya ba ni aikin jawo ruwa zuwa gidaje huɗu a jere. Na auna, na ce masa za a haƙa rami daga babban layi zuwa ƙofar gidan ƙarshe, na lissafa masa kuɗin leburori da na yashi. Ya dube ni ya ce ga lambatu gwamnati ta riga ta haƙa mana kyauta, me zai sa ya biya kuɗin diga da shebur? Na yi masa bayani sau biyu, ya ce idan ba zan yi ba akwai masu jiran aikin. A lokacin matata tana da tsohon ciki, ga kuɗin haya ya taso, sai na sunkuyar da kai na shimfiɗa bututun a cikin lambatun ta gefe, na ɗaure shi da waya.

Damina ta farko ta tona asirin aikin. Masu yashe lambatu suka sari wani soket, wato mahaɗar bututu biyu, da shebur, tsagar ba ta kai tsawon farce ba, ba wanda ya lura. Bayan kwanaki wata mata daga cikin 'yan hayar ta kawo mini kofin silba cike da ruwan famfonsu, ta miƙo mini ba ta ce komai ba. Ruwan ya yi duhu-duhu, da wani baƙin gari a ƙasan kofin, warinsa kuwa har yau ina jin sa a hancina. A makon nan yara uku suka kwanta da amai da gudawa, Allah ya sa da sauran kwanansu.

Da dubagari ya zo tare da ma'aikatan ruwa aka yanke layin, attajirin nan ya tsaya a gaban mai unguwa ya rantse cewa ya biya ni kuɗin haƙa cif, ni ne na cinye na yi masa aikin ha'inci. Ba ni da takarda, ba ni da shaida, maganar mai kuɗi kuma ta fi tawa nauyi a zauren. Babur ɗina na sayar na sayi sabon bututu, na biya leburori, na sake aikin daga farko, cikon kuɗina na aikin farko kuma bai ba ni ba har yau. Babur ɗin bai dame ni kamar sunana ba, domin kusan shekara biyu babu wanda ya kira ni ko gyaran kan famfo a wannan unguwa, yayin da shi yake wucewa a mota ana gaishe shi.

Ku yaran yanzu kun ga annobar kwalara ta 2021 da idonku, yadda ta yi ɓarna a Bauchi da Jigawa da Kano, amma hankalinku yana kan waya da kuɗin da za ku karɓa kafin la'asar. Kuna kallon bidiyon minti biyu ku ce kun iya aikin famfo.

Zancen yanka bututu da shafa gam ba zan ɓata yawuna a kai ba. Abin da za ka yi shi ne ka haƙa wa ruwan sha raminsa daban, zurfin da bai gaza ƙafa biyu ba, nesa da lambatu, ka shimfiɗa yashi a ƙarƙashinsa. Inda dole sai ka tsallaka lambatu, ka bi ta sama, ka zura shi cikin bututun ƙarfe mai faɗi, kada mahaɗa ko ɗaya ta faɗo a kan ƙazantar. Inda ya gamu da bututun masai mai inci 4, na ruwan sha ne a sama, ko da mai gida zai yi kuka. Kada ka binne sai an sako ruwa ka shafa kowace mahaɗa da busasshen hannu, kuma kada ka huda babban layi sai ka ga takardar izinin hukumar ruwa.

Gobe da safe ka koma wurin mai gidan da ya kira ka, ka rubuta masa kuɗin haƙa a takarda, ya sa hannu a gaban mutum biyu. Idan ya ƙi, ka mayar masa da kafin alƙalaminsa, ka kwaso mini kayan aikina ka dawo shago.